Ƙwaryar Malam Babaji

Ranar da likitar gashin ƙashi ta ce a riƙa yi wa Rakiya kiɗa, mijinta Malam Babaji sai da ya cire hula ya sosa ƙeya. Tela ne a Ƙofar Guga, ya tsufa a kan keke, ko a bikinsa ba wanda ya ga ya kaɗa kafaɗa.

"Kiɗa fa kika ce, likita? Matar da hawan jini ya shanye wa ɓari guda?"

"Kiɗa, Baba," in ji likitar, Malama Fadila. "Ƙafar ta manta tafiya, amma in kunne na jin bugu daidai-daidai, shi zai riƙa tuna mata lokacin ɗagawa. Kuma kada a yi wasa da watannin nan na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Rakiya na zaune tana ji, baki a karkace. Ita ba Makka ta roƙa ba, ba komawa sana'a ba. Burinta ɗaya a duniya, ta kai kanta banɗaki da ƙafarta. Tun da ciwon ya kayar da ita, autarta Ramla ke cicciɓar ta, ta tsugunar da ita, ta wanke ta. Ɗiyar da ka goya ta riƙa ganin tsiraicinka safe da yamma! Wannan ya fi ciwon cin ranta.

Malam dai ya samo ƙwarya ya kife a tsakar gida. Kai, kiɗa! Ko akuya ba ta yi mashi rawa. Sai dai hannunsa ba ya gaggawa, ba ya saɓawa, kamar yana taka kekensa. Ya buga, ya ce, "Taka, uwargida, ƙasa ba ta cizo." Ramla na riƙe da ita ta ɓarin da ya mutu, ita kuwa tana harararsa tana danne dariya, sai ga ƙafa ta ɗagu. In ya tsaya shan ruwa, ƙafar ta tsaya cik kamar an dasa ta. Da haka ta kai randa. Da haka ta kai gindin turmi. Daga turmin zuwa ƙofar banɗaki, abin da ya rage bai fi tsawon tabarma ba.

Wata Laraba bayan azahar Malam ya ce kansa na sara, bari ya ɗan kishingiɗa. Kafin la'asar mai jinya ya riga majinyaciya. Aka fita da shi a makara Rakiya na kallo daga bakin ɗaki, ko zaure ba ta iya raka shi ba.

Ta shiga takaba. Yaya Tani, yayar mamacin, ta tare a gidan da tabarmarta da carbinta. Bayan sadakar bakwai Ramla ta ɗauko ƙwaryar ta fara bugawa a hankali. Rakiya ta dafa bango, hawaye na zuba, ta ɗaga ƙafar.

"Innalillahi!" Yaya Tani ta fito ɗankwali a hannu. "Kiɗa? A gidan nan? Ƙasar kabarin ɗan'uwana ba ta bushe ba!"

"Gwaggo, magani ne. Likita ce ta ce..."

"Likitar ta zo ta yi takabar mana! Me kike so a ce da mu a unguwa? An mutu ana amada?"

Daidai nan maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga. Kunya ta lulluɓe Rakiya har ta ji da ma ƙasa ta tsage. Da bakinta ta ce, "Aje, Ramla."

Ramla ba ta haƙura ba, ta aika aka tambayi limamin unguwa. Ya ce lalura ce, babu laifi, ko asibitin ma a kai ta.

"Ai ba liman za a zaga ba, mu za a zaga," in ji Yaya Tani. "In ta fita takaba ku yi har da kalangu. Ƙafar gudu za ta yi?" Ta rataye ƙwaryar can saman madafa.

Rakiya ta gwada buga kiɗan a zuci. Ina! Ƙafa ba ta jin na zuci. Ramla kan ƙwanƙwasa mata ƙarfen gado da farce, amma ɗakin kullum cike da 'yan gaisuwa, kunnen Yaya Tani kuwa ko allura ta faɗi sai ta ji. Damina ta sauka, ta ɗauke. Ƙafar ta rame, yatsun suka kalli ƙasa, diddigen ya daina taɓa tabarma. Rakiya na gani, tana jin tsoro, ba ta da bakin faɗa.

Ranar da ta fita takaba aka kai ta asibiti. Malama Fadila ta kama idon sawun ta murza, ta sake murzawa.

"Mama, me ya hana ku zuwa?"

"Takaba."

"Allah ya ji ƙansa. Za mu gwada," in ji ta, idonta na kan ƙafar.

Da suka dawo Ramla ta sauko da ƙwaryar ta kakkaɓe yanar gizo. Ta buga, ta buga, har tafinta ya yi ja. Rakiya ta dafa bango ta cije leɓe tana kallon ƙofar banɗakin, zufa na bin bayanta. Ƙafar ko motsi.

Sai ga sallamar Yaya Tani, tana turo keken guragu sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba, matan unguwa na biye da ita.

"Ga shi, Rakiya. Haka Allah ya so, sai haƙuri. Ni dai na yi abin da zan iya don ɗan'uwana."

Mata suka ɗauka: Allah ya saka, zumunci ke nan, irin Yaya Tani sai an tona. Aka kama Rakiya ta hammata aka zaunar. Duk aka zuba ido ana kallon bakinta.

"Na gode, Yaya," in ji ta.

Ta sunkuyar da kai, ta ce wa Ramla a hankali ta tura ta banɗaki, fitsari take ji.