Ɗan Farin Iyatu

"Sake faɗa," in ji Tasalla daga bakin ƙofar ɗakinta. "J'ai un fils ici. Ina da ɗa a nan."

Iyatu ta maimaita, harshenta yana tuntuɓe. Ƙanwarta Tasalla ta yi shekara huɗu tana renon 'ya'yan wani Bafaranshe, ita kaɗai ce mai jin faransanci a layinsu na unguwar Kilomita Biyar. Amma kwananta tara da haihuwa, ba ta fita. Mijin Iyatu kuwa yana Kamaru sayen shanu.

"Il a vingt ans, shekararsa ashirin. Il a mal, yana da ciwo. Su a faransanci komai da shi suke, Yaya. Yunwa ma ba jinta suke yi ba, suna da ita ne. Ki riƙe na farkon dai, shi ne zai shigar da ke."

Da hantsi aka zo da labarin. Wani sa ya ƙwace a mayanka ya soki Dabo a ciki, mahauta 'yan'uwansa suka sa shi a kamiyo, wato babbar mota, zuwa asibitin cikin gari. Suka dawo suka ce ɗakin da aka kwantar da shi, uwa ko uba kaɗai ake bari.

Dabo ɗan farinta ne. Shekara ashirin ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cewa "ɗana" ba. "Wancan" take ce masa, ko "yaron gidan nan". In ya dawo daga aiki, ƙanwarsa Hureira take aika ta kai masa abinci, ita kuwa ta leƙa ta bayan zana ta ga ko ya cinye. Haka uwarta ta yi, haka kakarta a Katsina, kuma mutane suna yabon Iyatu a kan wannan kunyar. Ita ma tana jin daɗin yabon, ba a ɓoye ba.

Ta bi Titin Koudoukou a ƙafa, tana ta nanata kalmomin har suka zauna daram.

A barandar asibitin akwai tebur, da wata Bafaranshiya mai farar riga, da ma'aikacin jinya ɗan ƙasa wanda yake yi mata tafinta. Akwai kuma layi, kuma a cikin layin, bayanta kaɗan, ga Rahamatu mai koko da wasu mata biyu 'yan unguwa.

Da aka zo kanta, Bafaranshiyar ta ɗago kai. Iyatu ta buɗe baki. "J'ai..." Ta ji idon matan a wuyanta. Sauran ya ƙi fitowa.

"Mama, wa kike nema?" ma'aikacin ya tambaye ta da Sango, harshen 'yan ƙasar.

"Mahaucin da aka kawo da safe."

"Mene ne ɗinki?"

Ta dubi ƙasa. "Yaron gidanmu ne."

Ya juya ya faɗa wa Bafaranshiyar. Ita kuwa ta girgiza kai, ta ɗaga hannu ta kira na baya. Ma'aikacin ya ce 'yan gida da maƙwabta sai ranar Alhamis.

Rahamatu ta taɓa kafaɗarta da za ta wuce. "Kai, Iyatu akwai kawaici," ta ce a hankali, da nufin yabo.

Iyatu ta zauna a gindin mangwaro tana kallon tagogin ɗakin, ba ta san wacce ce tasa ba. Azahar ta yi, ta yi sallah a nan kan mayafinta. Haushin kanta ya cika ta, tsoro kuma ya fi haushin. Sau biyu tana miƙewa, sau biyu tana ganin fuskar da ta sani a layi ta koma ta zauna. Abin da take jira shi ne 'yan unguwa su watse, kuma sai da la'asar ta gota suka watse.

Ta isa teburin ba ta tsaya gaisuwa ba.

"J'ai un fils ici," ta ce. Ya fito sumul, kamar ta shekara tana faɗinsa. "Il a vingt ans. Dabo. Sunansa Dabo."

Bafaranshiyar ta dubi ma'aikacin, ta ajiye alƙalaminta. Shi kuwa ya zagayo teburin, ya ja Iyatu gefe zuwa bakin matakala. Ya ce yaron ya cika tun wajen ƙarfe uku. Ya ce sun yi abin da za su iya, ƙahon ya shiga da nisa.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko yaron ya yi magana.

"Ya yi. Madam ta tambaye shi ko yana da wanda za a kira masa. Yana ɗan jin faransanci, ya ce mata, j'ai ma mère, ina da uwa. Na ce to bari in aika Kilomita Biyar." Ma'aikacin ya murza hularsa. "Sai ya ce kada in aika. Ya ce tana waje, ya sani. Ba za ta iya faɗa a gaban mutane ba, kada mu matsa mata."