Itaciyar da Ta Bari a Bakin Taga

Da matar tsohon direban ta rasu, abu ɗaya mai rai da ta bari a ɗakinta shi ne wata 'yar itaciya cikin tukunyar ƙasa, a bakin taga. Gindinta a kumbure yake kamar ƙafar giwa, ganyenta kuwa dogaye ne sirara, suna zubowa kamar jelar doki. Marigayiyar ba ta ba ta ruwa sai ta nutsa yatsa cikin ƙasar ta ji ta bushe ƙayau. Shi bai taɓa lura da haka ba. Zolayarta kawai yake yi, yana cewa, "Ke dai rowarki har itace ba ta bari ba."

Bayan masu ta'aziyya sun watse, ya riƙi itaciyar amana. A mota ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma abin da mota ta koya masa shi ne, duk abin da kake so ya daɗe, ka duba ruwansa kowace safiya. Saboda haka kullum yakan cika kofi ya zuba mata. Da ganyen ya soma komawa rawaya, ya zaci ƙishi ne, ya ƙara mata.

Ranar da babbar 'yarsa ta zo gaishe shi, wari ne ya tare ta a ƙofar ɗakin. Ta danna gindin itaciyar, yatsanta ya lume.

"Baba, wa yake ba ta ruwa?"

"Wa kika gani a gidan ban da ni? Ko fashi ban taɓa yi ba."

"Kullum?"

"Kullum mana. Da mota ce, da ta gode mini."

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, ai wannan kumburin shi ne tankinta. A nan take ajiye ruwanta. Idan ya yi mata yawa, ruɓewa take yi."

Ya dubi gindin itaciyar. Daga bisani ya tambaya, "Tana gyaruwa?"

"Idan akwai sauran wuri mai ƙarfi a ciki, sai a yanke ruɓaɓɓen a bar ta ta sha iska."

Suka shimfiɗa buhu, suka zare ta daga tukunyar. Saiwoyin sun yi baƙi, suna tsinkewa a hannu. Ya karɓi wuƙa ya shiga yanka a hankali, yana neman fari. Duk inda ya yanka, ruwa ne mai wari yake fitowa.

"Baba, bar shi haka. Gobe zan sayo maka wata irinta sak."

"Na san akwai su a kasuwa, uwata," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Wannan ce ta san hannun marigayiya."

Ya gyara zama, ya goge wuƙar a gefen buhun, ya matsa sama kaɗan ya sake yankawa. Nan ma baƙi ne.