Kafur a Akwatin Filomina

Har yau idan na ji warin kafur sai in bar wurin. Yayata Filomina ce ta zuba shi a akwatin kayan Gamaliel, ɗana na fari, wai kada kyankyasai su ɓata kayan. Har cikin hula sai da ta cusa. Ba a jima ba idon yaro ya koma ruwan ɗorawa. Ita Filomina uwar iyawa ta ce shawara ce kawai, a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos. Kafin mu kai asibiti ya daina kama nono.

Bayan ya cika, likitar ta zaunar da ni. Ta ce akwai wata ƙwayar gado da ke sa jiki ya ƙera wani furotin, inzayim mai gadin jajayen ƙwayoyin jini. Na Gamaliel ba shi da ƙarfi, kafur kuwa farfasa irin wannan jinin yake yi.

"Ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonta," in ji ta. "Ki faɗa wa 'yan'uwanki mata."

Na so in faɗa. Amma a wurin zaman makoki na ji Filomina da kunnena tana gaya wa matan zumuntar cocinmu cewa ni Priskila barci na sa a gaba, na bar yaro ya lalace. Maganar ta zaga unguwarmu Liman Abaji kaf. Sai na haɗiye abin da likita ta ce, na ajiye wa Filomina.

Bana Filomina ta haihu, namiji. Na tsane ta, ba zan ɓoye ba. Ranar da aka sallamo ta na ci ado na tafi barka da niyya guda: in zauna in yi shiru, ta ɗanɗana abin da na sha.

Ɗakin cike yake da matan zumunta. Ta jawo akwati ta buɗe, warin ya bugi hancina. Ta zaro farar hula, ta karkaɗe, ta nufi kan jaririn. Shi kuwa sai hamma yake yi, kunnuwansa irin na Gamaliel sak.

Ban san lokacin da na fizge hular ba. Na kife akwatin a tsakar ɗaki, ƙwallayen kafur suka gangara ƙarƙashin ƙafafun mata.

"Priskila, kin haukace ne?"

"Yaya, wannan ne ya kashe Gamaliel. Ba barcina ba. Ke kika zuba da hannunki." Na juya wajen Mama Dokas, shugabar zumunta, na zayyana mata bayanin likita da ƙarfi yadda na waje ma za su ji. "Uwarmu ɗaya da ita. Abin da ke jinina zai iya kasancewa a nata. A kai yaron nan a gwada shi yau."

Mama Dokas ta karɓe jaririn ta fita da shi iska. Filomina ta durƙusa tana tsintar kafur.

"Tun yaushe kika sani?" ta tambaye ni a hankali.

"Tun ranar da kika ce barci na yi."