Jan Baki a Gidan Surukai

Duk Unguwar Dosa babu mai kunyar suruki kamar Garba. Shekara biyu da auren Harira, bai taɓa haɗa ido da mahaifinta Malam Lawan ba. In ya hango shi a layi tun daga nesa yake tsugunnawa, masu Keke na danna masa hon. Garba ƙato ne mai sana'ar wankin kafet da tsakar gida, muryarsa kamar janareta, amma a gaban tsohon nan ko tari ba ya iya yi.

Harira ta haihu a gidan iyayenta. Ana gobe suna Garba ya ce shi zai wanke tsakar gidan, don damina ta bar gansakuka a daɓen. Ya zo da sabon injin feshin ruwa mai amfani da fetur, wanda ya saya a wani shago a Doka. Ranar sayen, mai shagon, Nuraddeen, ya jera masa bakuna huɗu da ake maƙala wa kan bindigar ruwan: fari na mota, kore na aikin yau da kullum, rawaya na siminti. Da ya zo kan jan, sai ya ɗaga hannunsa na hagu. Babu yatsa manuniya.

"Jan baki ne ya ci wannan," in ji shi. "Huda ce kamar ta allura, ko jini bai fito ba. Na share, na kwana uku a gida, ashe ruwan datti ya shige can ciki. In ya taɓa mutum a kai shi asibiti a ranar, ko da dariya yake yi."

Garba ya ce ya ji. Amma gansakukar da ke cikin tsagar daɓe ta ƙi fita da rawayan, ga shi yana so surukai su ga aiki, sai ya maƙala jan.

Dab da azahar Malam Lawan ya dawo daga ganin ragon suna, ya taka caɓi a ƙofa. Ya zame takalmi, ya miƙo ƙafa.

"Malam Garba, ɗan ɗauraye min in yi alwala."

Rabon da tsohon ya kira sunansa tun ƙaramar salla. Garba ya ruɗe, ya sunkuyar da kai don ladabi, ya danna bindigar ruwan.

"Wash!" Malam Lawan ya janye ƙafar da sauri. Sai kuma ya yi murmushi. "Ba komai."

Garba ya dubi kan bindigar, ya ga ja. A saman ƙafar, kusa da yatsu, ga wata 'yar huda, gefenta ya yi fari fat. Nan take ya tuna tsohon na da ciwon suga, bara ma da ƙusa ta soke shi sai da ya yi wata uku yana jinya.

"Baba," ya ce da wata siririyar murya, "ko za a je asibiti?"

"Asibiti a kan ruwa? Ba komai, Allah ya yi albarka." Ya wuce masallaci.

Garba ya bi salla a sahu na biyu, amma wallahi bai san raka'a nawa aka yi ba. Ƙafar kawai yake gani, da hannun Nuraddeen mai yatsu huɗu. Da aka fito, takalmin tsohon ya shiga da ƙyar, kuma yana ɗan ɗingishi yana ɓoyewa. Tsoro ya kama Garba sosai. Ya leƙa ɗakin mai jego ya gaya wa Harira.

"Ka san Baba," ta ce, idonta ya kawo ƙwalla. "In ya ce ba komai, ko Inna ba ta ƙarawa."

Garba ya fita titi ya taro Keke, ya kawo ta har ƙofar gida. Malam Lawan na kan tabarma da dattawan layi uku, ana lissafin masu zuwa raɗin suna, ya rufe ƙafar da gefen babbar riga. Garba ya iso. Bai tsugunna ba.

"Baba, tashi mu tafi."

"Na ce maka ba komai."

"Da komai!"

Muryar janaretan nan ce ta fito, har wani dattijo ya yar da carbinsa. Garba da kansa ya firgita da jin ta, amma bai tsaya ba. Ya sunkuya ya ɗauki surukinsa cak, ya saɓa a kafaɗa yadda yake saɓa naɗaɗɗen kafet, tsohon na salati, hularsa ta faɗi, dattawa na "Kai! Kai! Surukinka ne fa!"

A asibiti likita ta latsa ƙafar, ta tambayi irin injin, daga nan ta daina murmushi. Kafin la'asar an shiga da shi tiyata. Garba ya zauna a benci da jiƙaƙƙen wando, yana jin in aka yanke ƙafar nan shi ya yanke ta.

An ceci ƙafar, amma ƙaramin yatsa ya tafi. Likitar ta ce da an bari ya kwana, da magana ta kai gwiwa.

Aka yi suna babu kaka. Da hantsi Garba ya kai masa nama da goro, ya tsugunna tun daga ƙofar ɗakin jinya, kai a ƙasa.

"Baba, a yafe min. Na ji muku ciwo, na ɗaga muku murya a gaban mutane."

Malam Lawan ya dubi ƙafarsa da aka naɗe da bandeji.

"Ba ko..."

Garba ya ɗago a firgice, ya kalle shi ido cikin ido. Tsohon ya haɗiye sauran maganar.

"To, da komai," ya ce. "Matso ka gyara min matashin nan, ka faɗa min sunan jikana."