Baitin Dawowa

Huseina ko sallama ba ta yi ba. Ta banko ƙofar sitidiyon nan na unguwar Kabalaye a Injamena, ta iske Salmanu rungume da jitarsa yana sauraren sabon albam ɗinsa. A ciki ya tattara waƙoƙin da ya taɓa yi tare da wasu mawaƙa: mai gurmin Damagaram, makaɗan unguwar Toukra, har da ita, wadda aka sa musu ranar aure bayan Sallah.

"Kashe abin nan."

"Amaryata! Kin ji yadda gari ya ɗauka kuwa? Tamu ta fi kowacce..."

"Na ce ka kashe!"

Waƙar ta gidansu ce. Kakar kakarta ta taho da waƙar a ƙafa daga Kano, a tafiyar Makkan da ta tsaya a nan garin. Baiti biyu gare ta. Na farko a bakin ƙofa ake yi wa mai tafiya. Na biyu kuwa ba mai buɗe baki da shi sai ranar da matafiyin ya sako ƙafa cikin gida. Ga shi yayanta Fa'iz, tun da ya haura Libiya neman aiki, shiru kake ji.

Baitin farko da yardarta suka ɗauka. Na biyun, wata yamma a bakin kogin Shari so ya ɗebe mata hankali, ta rera masa shi ƙasa-ƙasa. Ashe wayarsa na ɗauka.

"Ɗazu Inna na tankaɗe, rediyon maƙwabta ya sako muryata," in ji Huseina. "Baitin dawowa, Salmanu! Ta watsar da rariya ta fita titi, ba takalmi ba mayafi, tana kiran Fa'iz. Mai shayi ne ya riƙo ta."

Salmanu ya jingine jitar. "Wallahi ban yi zaton haka ba. Waƙar ce na ji ta tsaya a rabi, kamar an bar ɗaki ba rufi."

"Mu ba mu san a rabi take ba? Kai kaɗai ke da kunne a Injamena?"

"Zan cire, Huseina. Gobe-goben nan."

"Daga wayar wa? Har mai faci yana yin ta da fito!"

Ya miƙo hannu, ta ja da baya har ta taka bakin ƙofa. Nan ta tsaya, ta gyara lafayarta. Idanunta sun kaɗa jawur, amma muryar ta fito tsaf, yadda ya fi so. Ta rera masa baitin farko, na mai tafiya, tun daga kai har ƙarshe.

Ya yi tsaye yana jiran na biyu, ta jawo ƙofar ta rufe.