Jan Zobe a Agogon Surajo

Idan mutum ya ba ka amanar jikinsa, sannan ya kwashi rayuka arba'in ya nufi tsakiyar ruwa da su, wace amanar ce ta fi nauyi? Har yau ban sani ba.

Yayana Surajo direban jirgin ruwa ne a Wara. 'Yarsa Zakiyya ce ta aiko masa da agogon hannu mai auna barci da bugun zuciya. Shi ba ya jin Turanci, ni kuwa na tsinci ɗan Turancina a jikin rediyoyin da nake gyarawa, shi ya sa aka haɗa agogon da wayata. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada kowa a bakin ruwa ya ji abin da na gani. Direban da aka ce ba shi da lafiya, layinsa ake ba wani.

Ranar kasuwa da safe na duba wayar. Barci awa biyu da rabi. Zuciyar da ta saba buga sittin a minti idan yana kwance ta kai tamanin da takwas. Zoben da ke nuna yadda jiki ya murmure ya yi ja, sha bakwai cikin ɗari. Kwana uku ke nan a jere.

"Yaya, ka haƙura da yau," na ce.

"Agogon da ya ce na taka mil goma alhali ina zaune riƙe da inji? Shi za ya hana ni ruwa? Koma ga rediyonka, malam likita."

Da gaskiyarsa, agogon ya taɓa yin wannan ƙaryar. To in yau ma ƙarya ce fa?

Dudu, shugaban direbobi, da ya jiyo maganarmu, ya ja ni gefe. "Idon ɗan'uwanka bai yi mini ba. Miƙo wayar nan in gani."

Na tura ta aljihu. "Ba sirrina ba ne, Baba."

Aka loda buhunan albasa da babura biyu. Ruth, maƙwabciyarmu mai sayar da kifi banda, ta shiga da goyo ta zauna can tsakiya, inda fita ke da wuya. Iska ta fara kaɗa ruwan. Hanyar nan cike take da kututturan itatuwa a ƙarƙashi, sai ido mai kaifi ke kauce musu.

Surajo ya ja igiyar inji sau uku, bai tashi ba. A na huɗu ya tashi. Surajo kuwa sai ya dafe gefen jirgin ya runtse ido, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ƙirga numfashina har biyar kafin ya buɗe. Ni ina tudu, ƙafata a bushe.

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan girgiza kai. Aka fara kwance igiyar jirgi.

"Baba Dudu!" na kira. "A dakata!"

Na ciro wayar na miƙa masa.