Kwana Ɗari

"Wallahi Malama, shekarar da ruwa ya ci mana katanga ce," in ji muryar da ke cikin wayar. "Ki tambayi kowa a layinmu."

Malamar lissafi ta sauya wa wayar kunne, ta matse ta da kafaɗa. "Baba, na'urar nan ba ta san katangarku ba. Rana nake so da wata da shekara, kuma a kan takarda. Katin asibiti, ko na rigakafi, ko takardar haihuwa. Ƙarfe huɗu hukumar jarrabawa za ta rufe."

"To bari uwarsa ta dawo daga kasuwa."

Ta ajiye wayar, ta kurɓi shayin da ta haɗa tun safe, ta ji ya huce sarai. Yau kwana uku ke nan tana zaune a ɗakin ajiyar makaranta, tsakanin karyayyun kujeru da tsofaffin rajistoci, don a nan kaɗai soket ɗin kwamfuta ke aiki. Fankar da ke sama ƙara kawai take yi, iskarta ba ta isowa ƙasa. Bayanta ya riƙe, idanunta sun yi ja, kuma duk wanda ya leƙo sai ya ce mata sannu ya wuce abinsa.

Yara sittin da uku ne a ajin ƙarshe za su zauna babbar jarrabawa. Ta cika bayanansu tun watan jiya ta tura, sai ga hukumar jarrabawa ta dawo da sunaye goma sha tara da jan layi. Duka goma sha taran, in ka bi rajistar makaranta, ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. Aikin tsohon hedimasta ne, Allah Ya ƙara masa lafiya a inda yake hutawa. Mutum ne da ba ya son dogon turanci. In uba ya kawo yaro ya tsaya sosa ƙeya kan ranar haihuwa, sai ya dubi tsayin yaron, ya rubuta ɗaya ga Janairu, ya ce na gaba. Shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan. Bana ne hukuma ta fara gwada bayanan ɗalibai da rajistar haihuwa, ta ce duk yaron da nasa suka saɓa ba shi da kujera a ɗakin jarrabawa.

Yara suna kiranta Malama A-sake a bayan idonta, ta kuma sani. Tun fara koyarwarta, in ka kawo mata lissafi da kuskuren ɗigo ɗaya, amsarta ɗaya ce: a sake. Shi ya sa aka jibga mata wannan aiki, aka ce ai ita ce ba ta barin kuskure ya kwana.

Hedimasta ya leƙo da kansa, bai shigo ba. "Saura nawa?"

"Biyar."

"Madalla. Ai kin kusa." Ya tafi kafin ta ce masa uku daga cikin biyar ɗin iyayensu ba sa ɗaga waya.

Biyu da rabi ta wuce aka ƙwanƙwasa ƙofar da ke buɗe. Wata mata ce siririya, sanye da rigar aikin gidan wanki da guga, ga tabon ƙunar dutsen guga biyu a wuyan hannunta. Ta yi sallama, ta shigo, sai ta mayar da ƙofar ta rufe. Duk iyayen da suka zo ba wanda ya taɓa ƙofar nan.

"Ni ce mahaifiyar wadda kuke ce wa Kalkuleta," ta ce.

Malama ta ɗan saki fuska, karo na farko tun safe. Kalkuleta ita ce gwanar ajinta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ba ta iya ganin abu ba ta ƙirga ba. Ta san matakalar bene goma sha bakwai ce, ta san tagogin makaranta arba'in da huɗu ne, tara a fashe.

"Sannu da zuwa, Mama. Zauna a nan, wannan kujerar ce mai ƙafa huɗu. Kin zo da katin?"

Matar ta zauna a bakin kujerar. Ta ciro wata leda daga jaka, ta warware, ta fito da katin asibiti da ya yi laushi don tsufa. Ba ta miƙa ba. Sai da Malama ta buɗe tafin hannu ta jira, sannan ta ɗora mata.

Goma sha ɗaya ga Afrilu. Malama ta ɗora yatsu a kan madannan kwamfuta za ta rubuta, sai ta tsaya. Ta san wannan ranar. A zangon da ya wuce, da take koya musu ƙirga kwanaki tsakanin wata da wata, ta ce kowa ya zaɓi ranaku biyu ya fito allo. Kalkuleta ta rubuta ɗaya ga Janairu da goma sha ɗaya ga Afrilu, ta yi lissafinta cikin ƙiftawar ido, ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. "Kwana ɗari cif, Malama," ta ce. "Daga ranar da aka haife ni zuwa ranar da Babana ya rasu. Kwana ɗari ya yi da ni." Ta faɗe shi ne da alfahari, ba da kuka ba.

Malama ta janye yatsunta daga madannai. Ta ɗago ta dubi matar.

"Kin gane ke nan," in ji matar. "Ta ba ni labarin ranar allon."

"Rana ɗaya ce?"

"Rana ɗaya. Da safe na haihu, shi yana wurin aiki. A hanyarsa ta zuwa asibiti mota ta kaɗe shi a kan babur." Ta shafa tabon hannunta da babban yatsa. "Ban yi niyyar yi mata ƙarya ba, Malama, Allah Ya sani. Ranar da na kawo ta makarantar nan na manta katin a gida, hedimasta ya rubuta abin da ya rubuta, ni ko kula ban yi ba. Tana aji biyu ta dawo da katin sakamako, ta tsaya gaban hoton ubanta, don akwai ranar rasuwarsa a ƙasan hoton. Ta yi ta ƙirge da yatsu. Sai ta ce, Mama, ashe Baba ya gan ni? Na buɗe baki in ce a'a, na ji na ce e."

"Daga nan kuma sai ƙari."

"Sai ƙari. Ya ɗauke ni? Ya ɗauke ki. A wace kafaɗa? Ta hagu. Me yake ce mini? Kullum da sabuwar tambaya, ni kuma in dawo aiki a gajiye in ƙirƙiro amsa. Shekara huɗu ina yi. Har wani lokacin ni kaina sai in ga kamar ya faru." Ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ki bar mata Janairun nan, don Allah. Wa zai cutu?"

Malama ta juyo da fuskar kwamfutar, ta nuna mata jan layin. Ta yi mata bayani a hankali, irin bayanin da ta yi wa iyaye goma sha huɗu kafin ita, har kalmomin sun gaji a bakinta. Asibiti ya riga ya kai sunan yarinyar rajistar haihuwa tun ranar da aka haife ta. In aka bar Janairu, na'ura za ta sake tofar da sunan, kuma bayan ƙarfe huɗu babu gyara. Yarinyar da ta fi kowa a aji za ta zauna a gida ranar jarrabawa.

Matar ta ƙura wa jan layin ido. A waje ana jin ajin ƙasa suna rera jadawalin bakwai, suna tuntuɓe a bakwai sau takwas.

"To ki rubuta gaskiyar, amma kar ta gani."

"Mama, dole ta sa hannu a takardar da kanta. Kuma katin shiga jarrabawa zai fito da hotonta da ranar a jiki. Ita za ta riƙe shi."

"Yaushe katin zai fito?"

"Nan da mako shida."

"To ki ba ni mako shidan. Ki rufe wurin ranar a takardar, yau kawai. Zan nemi bakin da zan faɗa mata."

Malama ta dubi agogon bango. Uku saura kwata, ga sauran yara huɗu. Shekara goma sha tara tana koyarwa ba ta taɓa rufe wa ɗalibi lamba ba. Amma ta gaji, kuma tausayin matar ya kama ta, har ba ta san wanne ya fi ƙarfi ba. Ta rubuta ranar, ta buga takardar, injin ya yi ta tari kafin ya fito da ita. Ta ɗauki rula mai faɗi ta katako ta ɗora a kan layi na uku, ta danne da hannu. Sannan ta leƙa ƙofa ta ce wa malamin da ke wucewa ya turo mata yarinyar.

Kalkuleta ta shigo da alli a gwiwar hannunta. Ta ga uwarta, ta washe baki. "Mama! Sun bar ki kin fito?"

"Na ce musu minti talatin."

"Zuwa kaɗai ai minti ashirin ne."

"Ke dai zo ki sa hannu, sarkin ƙirge," in ji Malama. "Nan ƙasa."

Yarinyar ta karɓi biro, ta sunkuya. Ta karanta sunanta, ta karanta sunan makaranta, leɓunanta suna motsi. Ta zo kan rular ta tsaya, ta jira a ɗage. Ba a ɗage ba.

"Malama, akwai layi a ƙasa."

"Na duba shi. Sa hannu."

"Ke kika ce ko ke kika ba mu takarda, kar mu sa hannu sai mun karanta duka."

Ita ta faɗa kuwa, ba sau ɗaya ba, har da buga tebur. Malama ba ta ɗage hannunta daga rular ba, ba ta kuma sake cewa a sa hannu ba. Ta dubi uwar kawai.

Matar ta daɗe tana kallon ƙeyar 'yarta. Can ta miƙo hannun nan mai tabo, ta zare rular daga ƙarƙashin yatsun Malama, ta ɗora a cinyarta.

Yarinyar ta karanta. Ba ta yi ƙirge da yatsu ba, don babu abin ƙirgawa. Ta sake karantawa, ta dubi katin asibitin da ke gefe, ta dawo kan takardar.

"Kuskure ne, Malama?" ta tambaya, muryarta ƙasa ƙasa. "A sake?"

"Ba kuskure ba ne," in ji uwar. "Wancan ne kuskuren. Ni kuma na bar shi."

"Bai gan ni ba ke nan."

"Bai gan ki ba."

"Kafaɗar hagun fa?"

Uwar ta girgiza kai. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙe biron da ƙarfi har kan yatsunta ya yi fari. Malama ta ji kunya ta rufe ta, kamar ita ce ta shiga ɗakin mutane ba sallama. Ta mai da idonta kan madannai.

"Amma ya ji ki," in ji uwar. "Wannan kam ko gaban wa zan faɗa. Nas ta ara mini waya na kira shi. Na ce mace ce. Ya ce ƙarya nake, in sa masa ya ji. Na kara miki wayar, kina ta tsala ihu, duk ɗakin ba wanda ya kai ki. Ina jin sa yana dariya, yana ce wa abokan aikinsa ku zo ku ji murya. Sannan ya ce mini, ga ni nan."

"Yana hanyar zuwa wurina ne?"

"Wurinki zai zo."

Yarinyar ta ɗago ta dubi uwarta. Fanka na ta ƙara a sama.

"Minti nawa ya ji ni?"

"Oho, 'yar nan. Biyu ko uku."

"Biyu ne ko uku?"

Uwar ta share fuska da bayan hannu, ta dube ta ido cikin ido. "Uku."

Kalkuleta ta gyaɗa kai a hankali, leɓunanta suka motsa. Malama ta san me take yi, tana mayar da mintocin daƙiƙa ne. Sannan ta sunkuya ta sa hannu, ta rubuta kwanan wata a gefe ba tare da an ce ta rubuta ba. Ta ajiye biron, ta tsaya kusa da kujerar uwarta, ba ta taɓa ta ba, ba ta kuma matsa ba.

"Je ki ɗauko jakarki ki raka Mama," in ji Malama. "Zan gaya wa hedimasta."

Bayan sun fita ta danna turawa. Na'urar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan jan layin ya koma kore. Ta jawo jerin sunayen ta soke na goma sha biyar. Kwana uku ke nan duk lambar da aka faɗa a ɗakin nan sai ta ce a kawo takarda, amma a kan minti ukun nan ba ta tambaya ba.

Wayarta ta yi ƙara. Mai katanga ne, ya ce uwar yaron ta dawo, ta ce ba shekarar katanga ba ce, ta bayanta ce.

"To Baba," in ji Malama, ta jawo biro. "Akwai takarda?"